Kilomita 15 ne kawai

 Yau rubutu za mu yi, don maganar ta fi ƙarfin minti biyar ɗin da ake ba mu tsakanin sanarwar ɗaurin aure da tallar magani. Ku yi mana haƙuri in ta yi tsawo.

A daminar 2022, cikin watan Agusta, muna tsakiyar shirin safe wani mutum ya kira. Ya gaishe mu cikin ladabi, ya faɗi sunan garinsu, wani ƙauye ƙetaren gulbi can bayan Tibiri. Ya ce ƙorama ta cinye musu hanya. Ya ce kwana uku da sunka wuce sun ɗauko maiɗakinshi tana naƙuda a kan amalanke, sun tashi da la'asar, ba su isa asibiti ba sai bayan isha'i. Shina magana muna kallon agogo, ga abokin aikinmu bayan gilashi shina ɗaga mana yatsa biyu, wato saura minti biyu. Sai munka ce: "To malam, Allah shi kyauta. Amma ai garinku ba nisa, kilomita 15 ne kawai daga nan."

Ya yi shiru kaɗan. Sannan ya ce: "Malam, ka taɓa zuwa?"

Kafin mu ba shi amsa layi ya yanke, wataƙila kuɗin wayarshi ne ya ƙare. Munka yi irin dariyar nan ta 'yan rediyo wadda ake rufe rami da ita, anka sa kiɗa. Gaskiyar magana ba mu taɓa zuwa ba. Lissahin kilomita 15 ɗin ma a takardar wani furoje munka gan shi, ya zauna mana a ka.

Mun so mu ce tambayar ce ta hana mu barci har munka ɗauki keke. Ƙarya za mu yi. Mun manta da ita sarai. Abin da ya ɗora mu kan keke aljihu ne.

Kowa a Maraɗi ya tuna abin da ya faru bayan 29 ga watan Mayu na 2023, ranar da sabon shugaban Najeriya ya ce an janye tallahin mai. Mu da munka girma muna sayen mai a kwalba bakin hanya wajen 'yan ruwa-ruwa, da arha fiye da na gidan mai, sai munka wayi gari abin ya juye. Wata biyu bayan haka anka rufe iyaka, wutar da ke zo mana daga Najeriya ita ma ta ɗauke. Albashin ɗan rediyo kun san shi, ko kuma Allah ya rufa muku asiri ba ku san shi ba. Moto ta koma tana kwana uku a zaure ba a tayar da ita ba. Rannan munka tahi wajen masu kekunan gwanjo munka ciro wani tsohon keken Turai mai faɗin taya, jika 35 bayan dogon ciniki, munka fara zuwa aiki da shi daga Zariya.

Abin da ya fi zafin rana zafi shi ne idon mutane. Mai shagon unguwarmu ya ce, "Lahiya dai? Ko an sallame ka?" Wata gwaggonmu ta kira uwargida a ɓoye tana tambaya ko bashi ne ya ci moton. Ba mu ga laihinsu ba, don mu ma haka anka raine mu. Da Phoenix ɗin mahaihinmu munka yi kwalej, ƙafa ba ta kai feda sai mu zura ta ƙarƙashin ƙarhe muna tuƙi a karkace, kuma duk burin ɗan lekol shi ne ranar da zai sauka daga kan keke har abada. Keke na ɗalibi ne, na mai gadi, na baƙauye mai kawo itace. Wanda ya ci bak ya samu aiki, in an gan shi a kai, to wani abu ya lalace. A birnin Wagadugu mata da maza ma'aikata na cika titi da kekuna ba mai waiwayarsu, ƙasarsu ma tun 1987 take shirya babbar tseren keke da anka sani da Tour du Faso. Mu nan sai mu ce talauci ne.

Sannu a hankali munka gano ba mu kaɗai ba ne. Akwai wani malamin kwalej, da wani tela, da wani majo mai aikin asibiti, da wani yaro ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo wanda shi don sha'awa yake hawa. Mu biyar. Munka fara fita ranar Lahadi bayan sallar asuba, da farko zagaye gari kawai, daga baya munka fara leƙa ƙauyuka.

Baƙo zai ce ƙasar Maraɗi shimfiɗe take kamar tabarma, ba tudu ba gangare. A mota ya gan ta. Duwatsu irin na Adar, wajen Buza da Keita, ba mu da su, wannan gaskiya ne. Amma garin nan namu a kan tudu yake, kuma da dalili. Tsohuwar Maraɗi a cikin fadama take, ambaliyar 1945 ce ta rushe ta, shi ya sa anka hau da gari sama. Mun karanta wannan a lekol, mun faɗe shi a rediyo ba sau ɗaya ba. Ba mu san shi ba sai ranar da munka gangara fadama iska na kaɗa mana riga muna murna, sannan da hantsi munka zo hawowa. Cinya ce ta karanta mana tarihin. Telan namu ya sauka ya tura, shina cewa ashe kakanninmu wahala sunka sha da sunka kwaso tukwane da turame zuwa sama.

Hanyoyinmu iri huɗu ne a ƙarƙashin taya. Akwai gudron, wanda daɗinshi ke ƙarewa da zarar babbar mota ta taso ta bayanka ba ta da niyyar kaucewa. Akwai burji, jar hanyar marmara, ita ce sarauniya in sabuwa ce, amma in ta kwana biyu sai ta yi gargada kamar kwanon ruhi, haƙoranka na haɗuwa, hannu na mutuwa a kan ƙaho. Akwai laka ta fadama, da rani ta bushe ta tsage da sawun shanu, da damina ta riƙe taya kamar ƙaro. Sai kuma rairayi. Rairayi shi ne dutsenmu. Taku ɗari biyu na jigawa mai laushi sun fi kilomita biyar na burji cin rai. Dabararshi: ka rage iskar taya kaɗan, ka matsa baya a kan sirdi, ka saki ƙaho ya nemi hanyarshi, kuma kada ka daina juya feda ko da sau ɗaya. Ka bi gehen hanya inda ciyawa ta riƙe ƙasa, ko sawun amalanke in raɓa ta sauka. Sai dai gehen nan shi ne gidan tsidau da ƙayar aduwa. Fita ta uku munka yi faci bakwai tsakaninmu. Tun daga nan ba mai fita sai da famfo, da gam, da guntun tsohuwar roba, da ruwa bidon biyu. Kuma mun koyi cewa kusan kowane gari mai ɗan girma shina da mai faci a gindin dogon yaro, dala ashirin zai ɗauka, ya haɗa maka da labarin garin kyauta.

Hanyar da munka fi so ita ce ta Jiratawa. Kana iya bin gudron ɗin Ɗan Isa ka isa nan da nan, amma mu mun fi son bi ta gehen garake, mu dawo ta gudron in rana ta ɗaga. Wanda bai ga fadamar Jiratawa da sanyin sahiyar hunturu ba, ya yi asarar abin kallo a ƙofar gidanshi. Hilin noman rani ne da anka gyara tun farkon shekarun 1980, sama da hekta 500, da rijiyoyin burtsatse da injinan jan ruwa, manoma sun haɗu cikin ƙungiyoyi. Alkama, masara, tattasai, albasa, anis mai ƙamshi, ga zogala layi-layi iya ganinka. Da yawa daga kwaɗon da kuke saye a bakin kasuwa da azumi daga wajajen nan ganyenshi ya hito.

Abin da ya fi gonakin tsaya mana a rai shi ne mutanen da muke gamuwa da su. Mu muna fita gari, su suna shigowa. Ƙarhe shida da rabi hanya ta riga ta cika: mai madara da galan biyu a rataye, mai kaji a cikin akurki, mai itace da ya ɗaure kaya ya hi shi tsawo, yara 'yan kwalej su biyu a keke ɗaya, na baya ya rungume littattahai. Wata Lahadi muna fama da wani rairayi kusa da Jiratawa, gumi ya rufe mana ido, sai ga wani dattijo mai hurhura a kan tsohon Raleigh marar birki, da buhun zogala uku a baya, ya wuce mu kamar muna tsaye. Da ya kai inda ƙasa ta yi tauri ya sa ƙafa ya tsaya, ya jira mu.

"Samari, ina zuwa?"

"Baba, ba ko'ina. Motsa jini muke."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi hular kwanon da ɗalibin namu ya sa. Ya ce: "To, in jinin ya gama motsawa, ku zo ku kama mini buhu guda." Ya yi gaba shina dariya. Ya ce mana shekara talatin ke nan shina bin hanyar.

Ɗalibin ne ya nuna mana a wayarshi cewa abin nan da muke yi suna gare shi a ƙasashen waje. Turawa na ce mishi gravel, wato tsakuwa: a bar gudron da gangan, a bi hanyar ƙasa ta ƙauyuka da tuddai. A wani ƙaramin gari mai suna Emporia, cikin jihar Kansas ta Amurka, kowace shekara dubban mutane na taruwa su yi tseren mil 200, sama da kilomita 320, a kan tsakuwa. A 2022 anka fara gasar duniya ta irin wannan tsere a Italiya, a Kenya ma ana yin wata a dajin Masai Mara. Akwai kekunan da anka ƙera musamman don haka, kuɗin wasunsu ya haura miliyan ɗaya na sefa. Munka kalli bidiyon a gindin mangwaro muna ta mamaki: ga mutum ya biya kuɗin jirgi don shi je shi sha ƙurar da dattijon nan ke sha kyauta. Ba mu raina su ba, don mu ma mun ɗanɗani daɗin abin, akwai wani shiru da ke sauka a zuciya in ba ka jin komi sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Amma mu da su jirgi ɗaya ya kwaso mu ta wani gehe. In mun gaji muna iya kiran adaidaita ta kwashe mu da kekunan. Mai zogala ba ya da wannan.

Wani abin da keke ya nuna mana shi ne itatuwa. A mota gona gona ce kawai. A keke kana neman inuwa, don haka kana ƙirga su: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, nan da can kanya ko goriba. Dattawa na cewa bayan yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, gonakin nan fayau suke, iska na kwashe shuka. A shekarun nan ne wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itace a nan Maraɗi dashen na ta mutuwa, ya tsaya wata rana a hanya don shi rage iskar tayar motarshi saboda rairayi. Ya duƙa, idonshi ya faɗa kan wani ɗan tsiro, ya gane ashe ba ciyawa ba ce, kututturen itace ne mai rai da anka sare shina son tashi. Daga nan maganar sassaben zamani ta yi ƙarhi: kada ka ƙone kututture, ka bar mishi reshe biyu ko uku masu kyau ka share sauran. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram ne sunka ɗauki abin a kafaɗarsu, har masu bincike ke ƙiyasta hekta miliyan biyar da sunka sake yin itace. Duk lokacin da munka duƙa muna sassauta iskar taya sai malamin namu ya ce, "Ku duba da kyau, wataƙila ku ma ku gano wani abu." Mu dai har yau ƙaya muke ganowa.

Sai bayan daminar 2024 munka juya akalarmu wajen Tibiri da gaske. Kun tuna daminar nan, ruwan ƙarshen Agusta da ya rusa gidaje ya ci rayuka a cikin garin Maraɗi kanshi. Muna zaune muna tsara inda za mu, majo ya ambaci sunan wani ƙauye, ya ce daga can ake yawan kawo musu mata a makare. Sunan ya daki kunnenmu. Garin mutumin nan ne. Shekara biyu maganar na kwance a wani lungu na zuciya, ashe ba ta mutu ba.

Zuwa Tibiri ba wahala. Mun isa rana ba ta yi zahi ba, munka wuce ta kusa da fadar Sarkin Gobir, garin da Gobirawa sunka kafa tun 1836 bayan Alƙalawa ta daɗe da faɗuwa. Munka tsaya shan shayi. Mai shayin da ya ji inda za mu ya ce, "Da waɗanga kekuna? Ku Katsinawa ba ku jin magana." Ya kwatanta mana hanya, ya ce mu tambayi masu amalanke in mun kai gulbi, don mashigin bara ba shi ne na bana ba.

Nan ne karatun ya fara. Gulbin Maraɗi ba kogi ba ne mai zama wuri ɗaya. Daga ƙasar Katsina yake hitowa, ya ratso ta Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya. Wata takwas ko tara rairayi ne zalla, sannan cikin dare ɗaya ya cika ya yanke gaɓa. Tun da anka gina madatsar Jibiya wajen 1990 manoman fadama ke cewa zuwan ruwan ya canza musu. Ranar da munka je ruwan ya janye, saura ɗan kwararo iya gwiwa, amma kafin ka kai gare shi akwai rairayi mai faɗi da ba keken da ke iya tuƙuwa a ciki. Munka tura. Munka tuɓe takalma, munka saɓa kekuna a kafaɗa munka ƙetare. A ɗaya gaɓar kuma laka ce, ta cika tsakanin taya da ƙarhe har tayar ta daina juyawa, sai da munka nemi kara muna ƙwaƙulewa.

Bayan fadama hanya ta hau jigawa, tsakanin gonakin hatsi da anka fara girbi. Nan da can ana ganin alamar an taɓa zuba burji, jan tsakuwa na leƙowa daga ƙarƙashin rairayi kamar tsohon tabo. Sannan munka iso ƙoramar. Ba mu san mi munka zata ba, wataƙila ɗan rami. Kwazazzabo ne ya tsaga hanya gida biyu, zurhinshi ya hi tsayin mutum, ga guntun kwalbati a kwance can ƙasa ruwa ya tumɓuke shi. Masu ƙafa sun yi 'yar matakala a jikin gaɓa. Amalanke kuwa dole ta yi zagaye mai nisa ta cikin gonakin mutane, in mai gona ya yarda, in kuma ƙasar ba ta jiƙe ba.

Munka tsaya a bakin ramin ba mai magana. Majo ne ya fara. Ya ce a aikinsu an koya musu jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa in an isa. Ya ce na farko da na ukku kullum ana wa mutane wa'azinsu a rediyo, "ku je awo, ku je da wuri." Ya nuna ramin da haɓa ya ce, "Ga na biyun." Kunya ta kama mu, don muryar da ke cewa "ku je da wuri" tamu ce. Mun karanta wannan sanarwa ba adadi, har muna ƙara mata gishiri.

Lokacin da munka shiga garin wayar ɗalibin ta nuna kilomita 19 daga Zariya, ba 15 ba. Wannan ƙaramin kuskure ne. Babban shi ne agogo: awa uku saura kwata, mu ƙarti biyar masu lahiya, da rana, da rani ya kusa, ba mai ciwo ba mai kuka.

Yara sunka yanyame mu. Munka yi sallama a gindin wata tsamiya inda dattawa ke zaune, anka shimfiɗa mana tabarma, anka kawo ruwa da hura. Da munka buɗe baki wani ya ce, "Wannan murya mun san ta." Munka faɗi abin da ya kawo mu. Ba su sha wahalar gane mutumin ba. Sunka ce ba ya nan, ya tahi ci-rani arewa tun bara, sai dai a kai mu wajen mahaihiyarshi.

Tsohuwa ce 'yar ƙarama, tana zaune tana ɓarar gujiya. Munka durƙusa munka gaishe ta. Munka ce, "Inna, mu ne ɗanki ya kira a rediyo shekara biyu da sunka wuce, munka ba shi amsar da ba ta dace ba. Mun zo mu ba shi haƙuri."

Ta ce ta tuna, don a rediyon maƙwabta sunka saurara, gari duka ya ji. Munka tambayi maijegon. Ta ce, "Tana nan, ta tashi, ta tahi rijiya. Ɗan ne bai zo da rai ba. Namiji na." Ta ci gaba da ɓarar gujiyarta. Can ta ce, "Ɗana, ba kai ka kashe shi ba, kwanansa ne bai zo da shi ba. Amma ranar yaron nan ya ji zahin maganarka. Cewa ya yi, su mutanen birni gani suke muna kusa."

Ba mu da abin cewa. Ta sa anka ƙulla mana gujiya a leda, ta ce a kai wa yara. Munka bar lambar waya wajen ƙanen mutumin. Komawa gida ta hi zuwa wuya, rana ta take, ruwanmu ya ƙare kahin gulbi, telan ya yi rantsuwa ya bar keke har abada. Lahadi mai zuwa shi ya fara isowa.

Tun daga ranar akwai abin da munka canza a wajen aiki, ƙila wasunku sun lura. In za mu ambaci wani gari a labarai, ba mu tsayawa a kan kilomita. Muna tambayar mai kira: awa nawa ne a amalanke, da rani nawa, da damina nawa, ina ne hanyar ke yankewa. Mun fara rubuta amsoshin a wani littahi. In wani jami'in ƙaramar hukuma ya zo hira ya ce an gyara hanya kaza, muna iya ce mishi, "Ranka shi daɗe, mun bi ta ranar Lahadi." Ba faɗa ba ne. Mun san asusun ƙananan hukumomi ba shi da ƙiba, kuma burji ba gudron ba ne, abinci yake so kowace shekara: a cike rami tun shina ƙarami, a share bakin kwalbati kahin ruwan farko. Ramin da munka gani wata rana da amalanke biyu na marmara za a iya rufe shi.

Akwai kuma abin da ke damunmu wanda ba mu cika faɗi a iska ba. Taswirar da muke iya yawo a cikinta raguwa take. Muna yara ana zuwa tabkin Madarumfa yawon sallah, ana ziyarar kaburburan waliyyai, ba wanda ke tunanin komi. Yau ma muna zuwa, amma sai mun tambaya. Ƙauyukan da ke bakin iyaka, wajen Gabi da dajin Babban Rahi da kudancin Gidan Rumji, mun bar su sai hali ya yi, saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane. Tun 2019 dubban 'yan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sunka ƙetaro neman mafaka a wajajen nan, kun san labarin ba sai mun maimaita ba. Shi ya sa muke da ƙa'ida: ba mu faɗin inda za mu kahin mu tahi, muna kiran wani ɗan garin da daddare mu ji lahiyar hanya, muna gaida maigari in mun isa, kuma azahar a gida take riskarmu. Mu in hanya ta ɓaci sai mu fasa fita. Mai madara da ɗan kwalej ba su da damar fasawa.

Masu tambaya a saƙo ko za su iya bin mu: bismilla, ba kuɗin shiga ba riga ta musamman. Kowane keke ya yi in dai tayarshi na da ɗan faɗi kuma birki na kamawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi, sai dai ka ɗaure hanci saboda ƙurar hunturu. Ku fara da Jiratawa. Wasu 'yan'uwa mata biyu ma sun yi mana magana, muna duba yadda za a tsara musu tasu fitar. 'Yan kabu-kabu da direbobin adaidaita kuma, don Allah, in kun ga mai keke da kaya a gehen gudron ku ba shi taku biyu. Ba ya iya kaucewa da sauri, kayan sun hi shi nauyi.

Mutumin nan har yau bai kira ba. Ƙanenshi ya ce inda yake aiki babu layin waya sai an hau tudu. Mun san akwai 'yan garinsu da ke karanta wannan shafi daga Agadas da Arlit da ma gaba da nan. In akwai wanda ke ganinshi, shi gaya mishi mun je, mun ga ƙoramar, mun sha hurar gidansu. Lambar shirin ba ta canza ba. Ranar da ya kira za mu ce wa abokin aikinmu shi sauke yatsunshi, tallar magani ta jira.